Na'urar ESC: Yaushe ya dace direba ya kashe ta?

ESC na'ura ce da ke hana mota kufce wa direba a kan kwana ko a kan santsi. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da ita a 1995 da sunan ESP. Toyota na kiran tata VSC, Honda kuma VSA. Amurka ta wajabta sanya ta a ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Saboda haka galibin motocin Beljiyam da aka ƙera bayan waɗannan shekaru suna ɗauke da ita.

Yadda take aiki

Kwamfutar motar tana lura da gudun kowace taya da inda aka juya sitiyari, sannan ta kwatanta da inda motar ta nufa a zahiri. Da zarar ta ga sun saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya ita kaɗai, ta kuma rage ƙarfin inji, tun kafin direba ya ankara. Wannan abu ne da ƙafar mutum ba ta iya yi, domin birkinsa tayoyi huɗu yake kamawa lokaci guda. Binciken cibiyar IIHS ta Amurka ya nuna cewa na'urar tana rage haɗurran mota ɗaya da ke jawo asarar rai da kusan rabi.

Masu kashe ta don nishaɗi

Matasan da ke wasa da mota a wajen biki sukan kashe ta, domin takan hana bayan motar zamewa. Wurin irin wannan wasa shi ne filin tsere da aka killace, inda babu 'yan kallo a gab da mota. Titin jama'a kuwa daban yake. A hanyar Dutse zuwa Kiyawa da Jahun har Miga, direba kan yi kiciɓis da garken shanu, ko amalanke, ko yashin da iska ta shimfiɗa a kan kwalta. Kaucewar gaggawa a irin wannan yanayi ita ce ainihin abin da aka ƙirƙiro na'urar dominsa.

Inda kashewar ke da amfani

Idan mota ta kafe a rairayi, ko a taɓon damina kamar na ƙauyukan Miga da ke kusa da Kogin Haɗeja, tayoyi na buƙatar juyawa da ƙarfi kafin ta fita. A nan ana iya kashewa na ɗan lokaci. A yawancin motocin Toyota, danna maɓallin sau ɗaya yana kashe na'urar hana taya juyawa a banza ne kawai, kuma sau da yawa wannan ya wadatar. Da an hau kwalta, a mayar da ita.

Abin lura

Idan fitilar mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa tana ƙyaftawa, na'urar na aiki ne. Idan ta tsaya a kunne, akwai matsala, sai a kai wa mai gyaran wayarin ya duba da kwamfuta. Haka kuma na'urar ba ta ƙara wa taya riƙon ƙasa: idan tayar ta suɗe ko gudu ya wuce kima, ba ta da abin da za ta ceci direba da shi.