Gashin Tsokokin Ƙasan Mara ga Maza

Gashin tsokokin ƙasan mara reshe ne na aikin likitocin gashi, wanda ake horar da tsokokin da suka shimfiɗu a gindin ƙugu, daga ƙashin mara a gaba zuwa ƙashin wutsiya a baya. Su ne ke tallafe mafitsara da dubura, suna riƙe fitsari da bayan gida da tusa, suna kuma taimakawa wajen miƙewar gaba da fitar maniyyi. Likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel ne ya yaɗa wannan atisaye a 1948 domin mata masu yoyon fitsari, shi ya sa har yau maza da yawa ke ɗaukarsa abin mata. Namiji ma yana da tsokokin, kuma suna raunana da tsufa, da tiyata, da yawan yunƙuri a bayan gida.

Inda aka fi amfani da shi ga maza shi ne bayan tiyatar furostat, ƙullutun da ke zagaye da bututun fitsari a ƙarƙashin mafitsara. Kansar furostat tana sahun gaba cikin kansar da ke kama maza a Gana, kuma yawancin waɗanda aka cire wa furostat ɗin sukan yi fama da yoyo bayan an zare robar fitsari. Wani bincike da aka yi a Leuven ta Beljiyam, aka buga a mujallar Lancet a 2000, ya nuna kashi 88 cikin 100 na waɗanda suka yi atisayen sun daina yoyo cikin wata 3, alhali kashi 56 ne kawai a cikin sauran. Wani babban bincike na Birtaniya a 2011 bai ga bambanci ba bayan shekara guda. Abin da ya fi tabbata dai shi ne atisayen yana gaggauta sauƙi. A batun raunin gaba, Grace Dorey ta Ingila ta bi maza 55 da aka koya wa atisayen, inda kashi 40 cikin 100 suka dawo daidai bayan wata 6.

Wajen yin atisayen, mutum yakan matse kamar mai hana tusa fita kuma mai tsayar da fitsari lokaci guda, ba tare da ya riƙe numfashi ko ya ƙanƙame cinyoyi ba. In ya yi daidai zai ga gindin gabansa ya ɗan ja ciki, maraina sun ɗaga. Yakan riƙe har daƙiƙa 10, ya saki, ya maimaita kamar sau 10, sau 3 a rana. Sauƙi kan ɗauki wata 3 zuwa 6.

Ba kowane mai ciwo ne rauni ke damunsa ba. Wasu tsokar ce ta ɗaure ta ƙi saki, sai su riƙa jin zogi tsakanin maraina da dubura, musamman in sun daɗe a zaune kamar direbobi da teloli. Irin waɗannan matsewa ƙara musu ciwo take yi. Abin da ake koya musu shi ne sassautawa, da numfashi ta ciki, da tausa. Wannan ya sa gwajin ƙwararre ya zama dole kafin a fara.

A unguwannin Zongon Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, matsalar takan fara bayyana ne ta fuskar tsarki. Dattijon da ɗigon fitsari ke ɓata masa wando bayan alwala yakan kai tambaya wurin malam tun kafin ya tuna da asibiti, wani ma har ya janye daga sahun jam'i don kunya. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Zongo ya yi sassauci ga mai salasul bauli, wato mai yoyon fitsari, ya kuma wajabta istibra'i, wato fitar da ragowar fitsari kafin tsarki. Likitocin gashi na koyar da abin da ya yi kusa da haka: bayan an gama fitsari a danna bayan maraina da yatsu a turo gaba, sannan a matse tsokar da ƙarfi sau ɗaya, don ragowar da ta kwanta a lanƙwasar bututun ta fita. Da malamai za su riƙa haɗa fatawa da cewa "Alhaji, ka je a duba ka," da an rage wahala mai yawa.

Wasu kuma sukan danganta komai da basir ko sanyi, su daɗe suna shan jiƙo da maganin ƙarfin maza, alhali ciwon suga ko kumburin furostat na ci a ɓoye. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama yana da likitocin mafitsara da sashen gashi, kuma ana iya samun takardar turawa daga ƙananan asibitoci kamar na Manhyia, wanda ke kusa da Zongo. Wanda ya ga jini a fitsari, ko fitsari ya tsaya masa cak, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon mara, likita zai fara gani ba tare da jinkiri ba, atisaye sai daga baya.