Kafa ta Huɗu a Turmin Sama na Farko: Bitar Nazarce-nazarce da Buƙatar Bincike a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da aka gano game da sassaɓawar kafofin jijiya a turmin sama na farko, musamman ɓoyayyiyar kafar nan da likitocin haƙori ke kira MB2. Ta kuma kawo hujjar tattara haƙoran da ake cirewa a Kura da Bunkure domin nazari.

Tsarin haƙorin

Turmin sama na farko yakan fito wajen shekara 6, shi ya sa ya fi daɗewa yana shan wahalar tauna da zaƙi. Saiwoyinsa uku ne: biyu ta wajen kunci, ɗaya ta wajen ganɗa. Sai dai saiwa uku ba ta nufin kafa uku. Saiwar gaba ta wajen kunci tana da faɗi, kuma sau da yawa kafa biyu ne a cikinta, su haɗe kafin ƙarshe ko kowacce ta fita daban. Bakin ta biyun siriri ne, yana tazarar milimita 1 zuwa 3 daga ta farko idan an nufi ganɗa, kuma wani ɗan tudu na jikin haƙori yakan lulluɓe shi. Idan shekaru suka ja, sai ya ƙara tsukewa.

Abin da aka gano

Weine da abokan aikinsa sun jawo hankali ga wannan saiwa a 1969, sannan Vertucci ya kasa tsarin kafofin gida 8 a 1984. Alƙaluma kuwa sun sha bamban. Bitar Cleghorn ta 2006 ta samu kafa biyu ko fiye cikin wannan saiwa a kashi 56.8 cikin ɗari. Stropko, a 1999, ya fara da kashi 73.2, amma da hannunsa ya faɗa ya kuma riƙa aiki da madubin ƙara girma, sai ya kai 93. Wato wani ɓangare na bambancin daga idon mai dubawa yake. Nazarin Martins na 2018, da na'urar ɗaukar hoto ta CBCT a yankuna 21, ya ba da jimillar kashi 73.8, daga 48 a Benezuwela zuwa 97.6 a Beljiyam. Tazara irin wannan ta isa ta hana mu ɗauko alƙaluman wata ƙasa mu ɗora wa mutanen Kano.

Dangantakarsa da yankin

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, manomin wannan yanki ba shi da lokacin hutu: daga shinkafa sai alkama da tumatir. Wanda ya bar ban-ruwa ya shigo Kano don a wanke masa jijiyar haƙori ya yi asarar yini da kuɗin mota. In aka cike kafa uku aka bar ta huɗu, ƙwayoyin cuta na nan a ciki, kamar ƙaramar magudanar da aka manta ba a yashe ba. Ciwon ya dawo, kumburi ya biyo baya, mutum ya ce a cire kawai ya huta. Wannan babbar asara ce, domin haƙori ne da za a iya ceto. Hoton eksire na yau da kullum kuma ba kasafai yake nuna kafar ba, saboda ɗaya tana kare ɗaya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne likita ya ɗauka kafa huɗu ne har sai ya bincika ya tabbatar babu.

Hanyar binciken da ake ba da shawara

Ba sai an jira CBCT ba. Bayan izinin kwamitin ɗa'a da yardar marasa lafiya, a tattara turamen da aka cire, a rubuta shekaru da jinsi. A zura tawada a kafofin, a narkar da sinadarin kalsiyam da asid, a tsotse ruwan da alkohol, a jiƙa a man da ke sa haƙori ya yi garau har a hango tawadar. Tsangayar likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su ne suka fi dacewa su jagoranci aikin, a kasa sakamakon bisa rukunan Vertucci, a kuma ware na matasa daga na dattawa saboda tsukewar kafa.