Jiragen Yaƙin da Suka Ratsa Kano a Cikin Akwati da Cikin Kara

Tun shekarun 1950 kamfanin Airfix na Ingila yake sayar da ƙananan jiragen yaƙi na roba a cikin kwali, gunduwa-gunduwa. Mai saye ne zai manna su da gam, ya yi musu fenti, ya sami jirgin da girmansa kashi ɗaya ne cikin 72 na ainihin jirgin. Hurricane na cikin waɗanda aka fi nema, kuma labarin da ake haɗa shi da shi na sararin Ingila ne ko hamadar Masar. Da wuya a ambaci Kano, alhali ta nan ɗaruruwansu suka bi.

Kanawa sun riga sun ga jirgi tun 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman, lokacin da Arthur Coningham ya jagoranci jirage uku na sojan saman Ingila daga Masar. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da birnin zango. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, Bahar Rum ya zama haɗari, sai Ingila ta riƙa loda jirage a manyan akwatunan katako zuwa Takoradi, a Gana ta yau. Can ake harhaɗa su, fiffike da inji da farfela, sannan su taso ta Legas, su sha mai a Kano, su wuce Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940: Hurricane shida, da Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, tamkar madugu da fatakensa.

A Agusta 1967 kuma Kano ce da kanta ta zama wurin harhaɗawa, sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta sauke jiragen MiG-17 a filin jirginta domin yaƙin basasa. Wannan babi ne mai nauyi, domin a kan 'yan ƙasa ɗaya aka yi amfani da su.

Yaran cikin ganuwa ba su jira kwalin Airfix ba. Da karan dawa suke ƙera nasu jirgin: a feƙe ɓawon ya zama ƙusa, totuwar ta zama jiki, daga baya gwangwani da langa-langa suka shigo. Babu takardar umarni, babu ma'auni sai ido. Sai dai kara ba ya shekara, gara ce magajiyarsa. Hurricane na gaske suna ajiye a gidajen tarihi na Landan, na roba ana buga sababbi, na kara kuwa yana hannun dattawan da suka iya shi tun suna yara, kuma jikokinsu sun koma wasa da waya.