Daga Reggan zuwa sashe na 6

Ran 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya. Iska ta kwaso ƙurarsa har ƙasashenmu. A 1968 aka ƙulla yarjejeniyar hana yaɗuwar wannan makami: ƙasashe biyar da suka gwada kafin 1967 su riƙe nasu, saura su haƙura. Faransa ba ta shiga ba sai 1992.

Munafunci ne? A ganina tsoron yaɗuwar bam gaskiya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 6, inda biyar ɗin suka ɗau alkawarin tattauna kwance ɗamara. Wasunsu sun rage, amma babu wadda ta ajiye. Afirka ta Kudu, da ta wargaza nata shida, ba ta cikinsu.