Daga Dogon Yanka Zuwa Madubin Leƙe: Tarihin Tiyatar Jijiyoyin Ƙwauri

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda likitocin Turai da Amurka suka yi fama da gyambon da kan fito bisa idon sawu saboda lalacewar jijiyoyin jini. Jinin ƙafa yana komawa zuciya ta jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata da kuma waɗanda ke can cikin tsoka. Tsakaninsu akwai wasu gajeru masu ratsa tantanin da ya lulluɓe tsoka, kowace da 'yan ƙyamarenta masu hana jini dawowa baya. Idan ƙyamaren nan suka lalace, sai jini ya riƙa turowa wajen fata, ta yi baƙi, ta yi tauri, daga bisani ta fashe.

A shekarar 1938 Robert Linton na birnin Boston ya bayyana hanyar ɗaure waɗannan jijiyoyi. Akan tsaga ƙwauri doguwar tsaga, a buɗe tantanin, a ɗaure su. Amma da yake wuƙar tana bi ta fatar da ta riga ta lalace, sau da yawa yankan yakan ruɓe, ya ƙi warkewa. Wato garin neman gira a rasa ido.

Mafita ta zo a 1985 daga wani likitan Jamus mai suna Hauer. Ya yi ɗan yanka can sama inda fata ke da lafiya, ya zura bututu mai fitila da madubi ƙarƙashin tantanin, ya datse jijiyoyin yana ganinsu. A shekarun 1990 Peter Gloviczki na Asibitin Mayo yana cikin waɗanda suka inganta aikin ta hanyar hura iska don buɗe wurin. Wani gwaji da aka buga a 1997 daga ƙasar Holan, kan majiyyata 39, ya nuna yankan fiye da rabin waɗanda aka tsaga ya kamu da ƙwayoyin cuta, alhali ko ɗaya bai kamu ba cikin waɗanda aka yi wa aikin madubi.

Sai dai wata tambaya ta rage: shin datse jijiyoyin ne ke warkar da gyambon? Gwajin da aka buga a 2006, shi ma daga Holan, kan ƙafafu 200, bai sami wani babban bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda aka naɗe wa ƙafa da bandeji kawai. A yau an fi toshe jijiyoyin da zafi ko da allurar magani.

Saboda haka muna ganin madubi ya kawar da illar wuƙa, amma bai tabbatar da amfanin aikin kansa ba. Ya kamata masu nazarin tarihin likitanci su riƙa rarrabe waɗannan abubuwa biyu.