Daga Tamowa Zuwa Teɓa: Yadda Aka Gano Ma'aunin Kuzarin Jikin Yaro

A Gwiwa da sauran ƙasar Kazaure, uwar da ta kai ɗanta awo fargabarta ɗaya ce, kada zaren awon damtse ya faɗa ja. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma Gwiwa na cikin ƙananan hukumomin da shirin WINNN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa tun daga 2011, ya yi aikin jinyar tamowa. A irin wannan wuri yaro ɓul-ɓul abin tubarkalla ne, babu mai kiran ƙiba cuta. Sai dai tarihin yadda likitoci suka fahimci ƙibar yara ya bi ta ƙofar yunwa, shi ya sa ya shafe mu.

Shekaru aru-aru hukuncin da ake yanke wa yaro mai teɓa shi ne kwaɗayi da son jiki. Cikin abubuwan da suka girgiza wannan hukunci akwai ɓera. A 1949, a ɗakin bincike na Jackson da ke Amurka, aka haifi wasu ɓeraye da ba su san ƙoshi ba, suna ci har su ninka 'yan'uwansu nauyi. Douglas Coleman ya haɗa jijiyoyin jininsu da na lafiyayyu, sai ya ga cinsu ya ragu. Ya ce lallai akwai wani saƙo a cikin jini da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, su kuwa ba su da shi. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano tushen saƙon: sinadarin leftin, wanda kitse da kansa ke fitarwa.

Bayan shekara uku aka ga abin a jikin ɗan Adam. A Kambirij ta Ingila, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi suka binciki wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan. Yarinyar shekararta takwas, nauyinta kilo 86. Yaron shekara biyu, kilo 29. Jikinsu ba ya yin leftin. Kitse ya lulluɓe su, amma ƙwaƙwalwarsu ta ɗauka fari ake yi, don haka kullum cikin kukan yunwa suke. Da aka soma yi wa yarinyar allurar leftin, cinta ya daidaita, ta sauke kilo 16 a shekara guda. Ina yawan tuna irin faɗan da iyayen nan suka sha, ana cewa su suka sangarta 'ya'yansu, alhali cuta ce aka haife su da ita.

Murna ba ta daɗe ba. Masu irin wannan gado tsiraru ne ƙwarai. Yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu ya ma yi yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina jin kiransa. Dole aka leƙa cikin ƙwayar halitta ita kanta. Tun 1929 aka san ATP, sinadarin da ƙwaya ke adana kuzari a cikinsa ta kashe lokacin aiki. Abin da ya rage shi ne yadda take sanin ya yi ƙasa. A wajen 1987 Grahame Hardie da abokan aikinsa a Jami'ar Dundee ta Sikotland suka bayyana wani sinadari mai suna AMPK. Aikinsa kamar na maigida ne da ke leƙa rumbu: in ya ga hatsi ya ja baya sai ya hana facaka, ya sa a taɓa ajiya. Haka AMPK ke tsayar da ƙera kitse, ya sa a ƙona wanda aka tara. A 2001 aka gano cewa metfomin, tsohon maganin ciwon suga da likitan Faransa Jean Sterne ya gwada tun 1957, yana tayar da AMPK. Amma abin da metfomin yake rage wa matasa na nauyi ɗan kaɗan ne.

Ɓangaren da ya fi kusa da Gwiwa daga Holand ya fito. A hunturun 1944 zuwa 1945 mamayar Jamus ta jefa yammacin ƙasar cikin yunwa. A 1976 aka duba bayanan samari kusan 300,000 da aka auna don aikin soja, sai aka tarar waɗanda yunwar ta riska suna farkon ciki sun fi saura ƙiba. A 1992 Nicholas Hales da David Barker suka ba da bayani: jikin da ya taso cikin rashi yana saita kansa a kan tsimi, idan wadata ta zo daga baya sai ya kasa ɗauka, ya zarce zuwa tumbi, ciwon suga da hawan jini. To, yaron da ya tsumbure a ƙauye, ya girma ya tafi ci-rani Kano ko Legas, ya bar fura da tuwon dawa ya koma taliyar leda da lemon kwalba, shi ne ainihin wanda wannan bayani ke nufi.

Magunguna masu ƙarfi ba su daɗe da zuwa ba, kuma ta hanji aka same su. Suna kwaikwayon GLP-1, sinadarin da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa bayan cin abinci. A Disambar 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Wegovy ga 'yan shekara 12 zuwa sama, bayan gwaji a kan matasa 201 ya nuna ma'aunin ƙibar waɗanda aka yi wa allurar ya sauka da kusan kashi 16 cikin 100 a mako 68. Allura ce ta mako-mako, tana son firiji, tsadarta ta fi ƙarfin manomi, kuma idan aka daina nauyin kan dawo.

A 2025 UNICEF ta ce karon farko yara da matasa masu teɓa a duniya, kimanin miliyan 188, sun zarce ramammu yawa, ban da Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, kuɗin da a ganina bai isa ya sauya abin da yaro zai saya a ƙofar makaranta ba. A asibitocinmu kuwa katin awo a shekara biyar yake ƙarewa, don haka yaron da aka ceto daga tamowa da ƙunshin gyaɗar asibiti ba kasafai ake sake ɗora shi a sikeli ba, har ya kai shekarun da sakamakon waccan yunwa ke fara bayyana.