Yadda ɗigo ya iso ƙofar gida, allura ta tsaya a asibiti

Dattawan Dutsin-Ma da Kurfi har yau suna ɗauke da tabon lamba a damtse, shaidar yaƙin da aka yi da agana a ƙarshen shekarun 1960. Daga wannan nasara Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin rigakafin yara a 1974. Najeriya ta bi sahu, kuma a zamanin ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti aikin ya kai ganiyarsa wajen 1990. Daga nan kuɗi suka ja baya, firij ɗin adana allurai suka mutu a ƙananan asibitoci.

Sai amana ta karye. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. Kano ta dakatar da ɗigon har zuwa 2004, zargin kuwa bai tsaya a iyakar jiha ba. Aka jawo sarakuna a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwa suka tsaya wa aikin, har aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a Agustan 2020.

Amma a ganina nan giɓin da ke tsakanin ɗigo da allura ya samo asali. Ɗigo shi ke bin gida-gida, a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, a rubuta alli a bangon zaure. Allurar ƙyanda da mashaƙo da tarin shiƙa kuwa sai uwa ta goya ɗanta ta je: ranar haihuwa, sati 6, 10, 14, sannan wata 9. Mai jegon da ta haihu a gida, ba ta fita sai ta yi arba'in, ta riga ta rasa zuwan farko. Kuma iyaye sun yi ta tambayar da ba a ba su gamsasshiyar amsa ba: me ya sa ɗigo kyauta, maganin zazzaɓi kuwa sai da kuɗi?

'Yan bindigar dajin Rugu suka ƙarasa ɓarnar. Ƙauyukan yammacin Kurfi da Dutsin-Ma da dama sun watse, malaman asibiti suka daina kwana a can, katin awo ya ɓace a gudun hijira. A 2023 yara kusan miliyan 14.5 a duniya ba su sami ko allurar farko ta mashaƙo ba, sama da miliyan 2 'yan Najeriya ne. A shekarar ce mashaƙo ya yi ƙamari a Kano da Yobe da Katsina, ya fi kama yaran da ba a taɓa yi wa allurar ba.